Ina Ne Ya Fi Araha? Lissafin Zama Tsakanin Damaga, Mafara Da Gusau

Bismillahir Rahmanir Rahim

Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, wanda Ya raba arziki tsakanin bayinSa bisa hikimarSa, Ya yalwata wa wasu domin Ya jarraba godiyarsu, Ya ƙuntata wa wasu domin Ya jarraba haƙurinsu. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu (SAW), da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi sawunsu da kyautatawa har zuwa ranar sakamako.



Akwai wata tambaya da ta yawaita a bakin mutanen yankinmu a 'yan shekarun nan, ita ce: wane gari ne ya fi sauƙin zama a jihar Zamfara? Malamin makaranta da aka yi wa canjin wurin aiki yana yin ta, saurayin da ke shirin ajiye iyali yana yin ta, wanda ya yi ritaya yana jiran haƙƙinsa shi ma yana yin ta. Gusau ce, ko Ƙaura, ko Mafara, ko kuwa mutum ya lallaɓa ya koma ƙauyensu? A da, wannan tambaya ce ta ma'aikacin gwamnati da ɗan kasuwa. Manomi ba ya yin ta, domin inda gonarsa take nan ne garinsa, kuma nan za a binne shi. Yau manomi ya fi kowa yin ta. Wannan sauyi shi ne ya sa na ga ya dace in zauna in yi lissafin a fili, in auna shi da ma'aunin da addininmu ya ba mu, ko Allah Ya sa wani ya amfana.

Da a ce shekaru ashirin da suka wuce aka yi mini tambayar, da amsar ba ta buƙatar tunani. Ƙauye ya fi araha. Mutumin Damaga a ƙasar Maradun, ko na kowane ƙauye a ƙasar Bakura da Mafara, a yadda na san shi, ba ya cikin masu kuɗi, amma kuma ba ya cikin masu yawan saye. Ɗakin da yake kwana a ciki ubansa ne ya gina, shi kuwa yaɓe kawai yake yi masa kafin damina. Gero da dawa suna rumbu dami-dami, uwargida na fitarwa gwargwadon bukata. Kuka na bayan gari, kuɓewa an yanka an shanya tun kaka, itacen girki yara ke ɗebowa a daji. Nono kuwa 'yar Fulani ce ke kawowa har cikin gida, sau da yawa ma ba kuɗi ake ba ta ba, hatsi ne ko dusa. Idan aikin gona ya fi ƙarfin mutum sai ya kira gayya, ya dama fura, samari su share masa a yini ɗaya. Abin da ke fitar da kuɗi daga aljihunsa bai wuce gishiri da kananzir da sabulu da ɗinkin Sallah ba, sai in lalurar asibiti ta taso ya ja akuya zuwa kasuwa.

Sai dai a lura da wani abu a nan, domin a kansa sauran maganata za ta tsaya. Arahar ƙauye ba ta samo asali daga ƙarancin farashi ba. Hasali ma gishirin da sabulun sun fi tsada a ƙauye fiye da Gusau, tun da sai an yi musu kuɗin mota. Abin da ya sa zaman ƙauye ya yi sauƙi shi ne mutum ba ya buƙatar sayen mafi yawan abin da yake rayuwa da shi. Wannan rashin buƙata kuwa ƙafa biyu gare shi: mutum ya iya isa gonarsa, kuma ya amince da maƙwabcinsa. Duk ranar da aka sare ɗaya daga cikin ƙafafun nan, arahar ta faɗi, ko da farashin tiya bai motsa a kasuwa ba.

Talata Mafara tata arahar daban ce. Gari ne da Allah Ya ajiye kusan tsakiyar hanyar Gusau zuwa Sakkwato, kasuwarsa ta ranar Talata ita ta ba shi rabin sunansa, ga kuma madatsar ruwa ta Bakolori a kan gulbin Sakkwato, wadda aka kammala a 1978, aka shimfiɗa magudanai domin noman rani a filayen Mafara da Bakura da Maradun. Albarkacin wannan ruwa ne mutumin Mafara ya saba cin shinkafar da aka noma a bayan gidansa, da dankali da tumatir da albasa a lokacin da wasu garuruwan ke jiran mota ta kawo musu daga nesa. Ba zan wuce nan ba sai na tuna wa matasanmu cewa wannan araha ma akwai waɗanda suka biya kuɗinta. Dubban mutane ne aka tayar daga gidajensu da gonakinsu domin ruwan ya kwanta, da yawa ba su ga diyyar da ta dace ba, kuma da manoma suka tsare hanyoyi suna neman haƙƙinsu, a watan Afrilu na 1980 aka turo 'yan sanda suka buɗe musu wuta. Har yau ba a daidaita a kan yawan waɗanda suka mutu ba. Allah Ya jiƙansu. Duk wanda ya sayi shinkafar Bakolori da sauƙi, ya san cewa akwai haƙƙin bayin Allah a ƙarƙashin ruwan nan.

To, me ya sauya?

Ya ɗan'uwa, ka koma ga addu'ar Annabi Ibrahim (AS) a cikin Suratul Baƙara, lokacin da yake roƙa wa Makka alheri. Abu biyu ya roƙa mata, kuma ya jera su bisa tsari: ya fara roƙon Allah Ya sanya ta gari mai aminci, sannan ya roƙa wa mutanenta arzikin 'ya'yan itace. Makka a lokacin kwari ne da babu shuka a cikinsa, mai hankali zai zaci abinci ne zai zo farko. Amma Khalilullahi ya gabatar da aminci. Haka a Suratu Ƙuraish, ni'ima biyu Allah Ya ambata wa mutanen Makka, ƙosarwa daga yunwa da amintarwa daga tsoro. A Suratun Nahli kuma Ya buga misali da wata alƙarya da ke zaune lafiya, arzikinta na zo mata daga ko'ina, da ta butulce sai Ya ɗanɗana mata yunwa da tsoro tare, kamar tufar da ta rufe jiki. Ban kawo wannan aya domin in ce mutanen ƙauyukanmu sun fi wasu zunubi ba, Allah Ya tsare ni da wannan shisshigi, domin sau da yawa waɗanda abin ya fi shafa su ne suka fi mu riƙon addini. Na kawo ta ne domin a ga yadda Alƙur'ani ke ɗaure yunwa da tsoro da igiya ɗaya. Mun daɗe muna karanta waɗannan ayoyi a allo da zauren tafsiri, amma mutanen Zamfara na wannan zamani sun karance su a rumbunansu.

Ga yadda lissafin ya koma. Manomin da ke da gonaki uku, ta bakin gari da ta tsakiya da ta daji, yanzu ta bakin gari kaɗai yake iya nomawa, alhali ta dajin ce mai faɗi da ƙarfin ƙasa. A wurare da dama sai gari ya haɗa kuɗi ya kai wa 'yan bindiga kafin a yi shuka, a sake haɗa wasu kafin a yi girbi, kuma biyan bai zama tabbacin za a bar mutum ya kwashe amfaninsa ba. Shanun huɗa an kore su, wanda nasa suka tsira ya sayar da kansa kafin a zo a raba shi da su, sai ya koma huɗa da hannu ko ya yi hayar wasu. Babu shanu babu takin gida, sai na zamani, shi kuwa da kuɗi ake sayensa. Nonon da ke zuwa har cikin gida ya ɗauke, domin zaman amanar da ke tsakanin manomi da makiyayi ya lalace, kuma Fulanin kirki da yawa sun bar yankin, wasu an kwashe musu dukiya kamar yadda aka kwashe ta kowa. Itacen da yara ke ɗebowa kyauta ya zama abin saye, tun da babu uwar da za ta tura ɗanta daji. Sannan ga babbar, wadda babu wanda ke sa ta a lissafin wata amma tana iya cinye lissafin shekara goma a dare ɗaya: kuɗin fansa. Na san gidajen da aka sayar da gona da babur da kayan ɗakin mata domin a karɓo mutum ɗaya, bayan ya dawo kuma aka shiga jinyarsa.

Ka gaya mini, wace haya ce a Gusau ta kai wannan tsada?

Shekarar 2021 ita ce ta fito da abin fili ga wanda ke nesa. A ranar 26 ga Fabrairu aka kwashe 'yan mata daga makarantar sakandare ta Jangebe a ƙaramar hukumar Talata Mafara, aka sako 279 bayan 'yan kwanaki. A watan Agusta aka shiga Kwalejin Aikin Gona ta Bakura aka tafi da ɗalibai da ma'aikata. A ranar 1 ga Satumba aka ɗauke ɗalibai sama da 70 a makarantar Kaya ta ƙasar Maradun. Ƙananan hukumomin nan uku, kowace ta ɗanɗana nata a cikin wata bakwai. Abin mamaki, su ukun nan kowace ta fitar da gwamna: Bakura ta ba da Ahmad Sani Yarima daga 1999 zuwa 2007, Mafara ta ba da Abdul'aziz Yari daga 2011 zuwa 2019, Maradun ta ba da Bello Matawalle daga 2019 zuwa 2023. Ban faɗi wannan domin zargin wani ba, na faɗa ne domin masu zaton idan ɗan garinsu ya hau kujera matsalarsu ta ƙare su sake tunani.

A farkon Satumbar 2021 ɗin ne aka katse layukan waya a jihar, aka rufe kasuwannin mako, aka hana sayar da fetur a jarka, aka hana safarar dabbobi. An yi haka ne da nufin toshe wa 'yan bindiga hanyar samun abinci da mai, kuma niyyar ba abin zargi ba ce. Amma wanda ya zauna a yankin a waɗannan makonni ya ga darasin da ba a koyarwa a aji. Mai akuya yana da akuya, babu inda zai sayar. Mai hatsi yana da hatsi, ba shi da kuɗin magani. Ɗan da ke aiki a Legas ko Abuja yana son turo wa mahaifiyarsa kuɗi, babu hanyar da zai ji muryarta balle ya san sun isa. Kayan gona sun faɗi a hannun mai su, kayan shago sun tashi, a gari ɗaya, a rana ɗaya. Wanda ya kalli farashin gero kaɗai a lokacin zai ce rayuwa ta yi sauƙi.

Wannan ne ya kwararo da jama'a zuwa manyan garuruwa, Mafara da Maradun da Bakura da Gusau, wasu har Sakkwato. A nan kuma sai mutumin ƙauye ya haɗu da abin da bai taɓa sani ba: komai na saye ne. Ɗaki na haya ne, ruwa sai ɗan ga-ruwa ya turo kurarsa an biya shi jarka-jarka, gawayi na saye ne, ko kukar miya sai an ƙulla masa a leda. Dattijon da ya shekara arba'in yana fitar da zakkar hatsi, yau yana tsaye gaban mai awo yana tambayar kuɗin rabin tiya. Wani dattijo daga cikin danginmu na wajen uwa, da ya dawo Mafara da iyalinsa, ya ce mini abin da ya fi yi masa ciwo ba yunwa ba ce, a'a, yadda baƙo zai yi masa sallama ya rasa abin da zai sa a kawo masa, shi da a da ba a ɗaga tukunyar gidansa sai an ware na baƙi. Waɗanda ba su da dangi a gari kuwa suna kangaye da rumfunan kasuwa da gine-ginen da ba a ƙarasa ba, matansu da 'ya'yansu na bara a bakin titi, mutanen da kafin wannan fitina ba su san miƙa hannu ba.

A kan wannan rauni ne tsadar ƙasa baki ɗaya ta sauka. A farkon 2023 aka yi ƙarancin takardun kuɗi sakamakon sauya fasalin naira, manomin da ba shi da asusun banki ya riƙa sayar da buhunsa a wulaƙance ga duk wanda ke da tsaba a hannu. A ranar 29 ga Mayu na wannan shekarar aka janye tallafin man fetur, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. A tsakiyar 2024 hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce hauhawar farashin abinci ta wuce kashi 40 cikin ɗari. Mafi ƙarancin albashi an ɗaga shi zuwa naira 70,000 a Yulin 2024, amma mutum nawa ne a Damaga ke karɓar albashi? Tsadar mai ta fi cin mutumin nesa da titi, domin shi komai nasa sai ya hau kabu-kabu: zuwa asibiti, zuwa kasuwa, kai buhu bakin hanya. Mai noman rani da ke jan ruwa da inji kuwa, fetur ne rabin jarinsa.

A irin wannan hali, idan ka yi wa wasu 'yan kasuwarmu maganar farashi, sai su karanto maka hadisin Anas (RA) da Abu Dawud da Tirmizi suka ruwaito, cewa kaya sun yi tsada a Madina, aka roƙi Manzon Allah (SAW) ya ƙayyade farashi, sai ya ƙi, ya bayyana cewa sauka da tashin farashi a hannun Allah yake, kuma yana fatan ya gamu da Ubangijinsa babu mai bin sa haƙƙin jini ko na dukiya. Hadisin gaskiya ne. Amma wanda ya faɗi wannan shi ne kuma ya ce babu mai ɓoye kaya domin su yi tsada face mai saɓo, kamar yadda Muslim ya ruwaito. Shi ne ya hana a tari masu kawo kaya a hanya a saye kafin su iso kasuwa su san farashi. Me za mu kira wanda ke zuwa ƙauyen da aka ba wa wa'adin tashi, ya saye hatsinsu da awakinsu a rabin kuɗi domin ya san ba su da zaɓi, ya kawo Mafara ya kulle a sito sai bazara? Malaman da suka yi bayanin hadisin Anas, cikinsu har da na mazhabarmu ta Malikiyya, sun bambance tsakanin tsadar da ƙarancin kaya ko yawan jama'a ya kawo, wadda ba a tilasta wa ɗan kasuwa a kanta, da tsadar da haɗin bakin masu kaya ya ƙirƙira, wadda hukuma ke da ikon tsawatawa a kanta. Ɗaukar hadisi ɗaya a bar 'yan'uwansa ba fiƙihu ba ne, son zuciya ne aka naɗa wa rawani.

Maganar da ta fi damuna ita ce ta haya, domin ita ce ba a cika taɓowa a mumbari ba. Mai gida a Mafara ko Gusau ya ga masu neman ɗaki sun ninka, sai ya ƙara kuɗi, ya ce sai na shekara gaba ɗaya, wani ma ya tashi tsohon ɗan hayarsa domin ya zuba iyali biyu a inda ɗaya ke zaune. Idan ka tambaye ni ko cinikin ya inganta a shari'a, zan ce gidansa ne, kuma an yi yarjejeniya. Sai dai wace irin yarjejeniya ce tsakanin mai mabuɗi da wanda ya kwana uku a tasha da mata da 'ya'ya? Jiharmu ita ce ta fara shelar aiki da shari'ar Musulunci a Gusau a watan Oktoba na 1999, muka yi kabbara, duniya ta ji mu. Shari'ar da muka yi wa kabbara kuwa an kafa ta ne a garin da mutanensa suka tarbi 'yan gudun hijira suka raba gidajensu da gonakinsu na dabino da su. Ansar ba su tambayi Muhajirai kuɗin shekara ba. Ban ce kowa ya ba da gidansa kyauta ba, domin na san akwai gwauruwar da kuɗin hayar ɗakuna biyu ne abincin marayunta, ita ma tsadar ta same ta. Amma akwai tazara mai nisa tsakanin kyauta da yanka, kuma a cikin tazarar nan ne ake gane Musulmi: ka bar kuɗin yadda yake, ko ka karɓa wata-wata, ko ka jira shi zuwa kaka.

Alhamdu lillahi, akwai masu yin haka, kuma ba su da yawan magana. Na san unguwar da bayan sallar Asuba ake zagayawa da kwano, kowane gida ya zuba abin da ya sawwaƙa na hatsi, a kai wa baƙin da ke kangon bayan masallaci. Wannan ya tuna mini da Ash'ariyyawa da Manzon Allah (SAW) ya yaba, waɗanda idan abincinsu ya yi ƙaranci sukan tara abin da ya rage a mayafi ɗaya su raba daidai. Sayyidina Umar (RA) kuwa, a shekarar fari ta 18 bayan Hijira, da mutanen karkara suka kwararo Madina saboda yunwa, bai sa an kore su ba. Ya sa an kafa tukwane, ya rubuta wa gwamnoninsa su aiko da abinci, Amru bin Asi ya turo ayari, shi kansa ya haramta wa bakinsa man shanu har sai talakawa sun samu. Muna da Hukumar Zakka da Waƙafi a jihar nan tun farkon shari'a, kuma a ganina babu waƙafin da ya fi dacewa da wannan zamani irin ɗakunan da za a gina a Mafara da Maradun da Bakura a zaunar da waɗanda aka raba da gidajensu, ko da a rabin kuɗin haya ne. Masu hannu da shuni na yankinmu sun gina masallatai, Allah Ya saka musu, har wata unguwar sahu biyu ba ya cika a kowanne.

Akwai kuma wata fuskar da mazauna gari ba ma son ji. A 2025 farashin masara da shinkafa da gero ya sauko sosai, bayan an buɗe ƙofar shigo da abinci daga waje an kuma sami damina. Mu masu saye muka yi hamdala, kuma ya dace mu yi. Amma taki da maganin feshi da fetur ba su sauko tare da su ba. Manomin da ya sayi rai ya je gona, ya biya waɗanda bai kamata a biya ba, ya ci bashin taki, sai ya tarar kuɗin buhunsa ba zai mayar da abin da ya kashe ba. Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa Umar (RA) ya taɓa tsawata wa Haɗib bin Abi Balta'a a kan sayar da zabibi ƙasa da farashin kasuwa, abin da ke nuna magabata sun san araha ma tana iya zama cuta ga wani. Idan noma ya daina biyan mai yin sa, wanda ya yi saura a ƙauye shi ma zai tattaro ya taho gari, masu neman ɗaki su ƙaru, masu kawo hatsi su ragu, arahar bana ta haifi tsadar baɗi.

To, idan aka matsa mini sai na amsa tambayar, ga abin da nake gani. Ga ma'aikaci mai ɗan albashi ko mai ƙaramar sana'a, Mafara ta fi Gusau sauƙi. Abinci na kusa da inda ake noma shi, gari ne da ake iya ratsa mafi yawansa da ƙafa, ga kwalejin Abdu Gusau da jami'ar jiha ga mai 'ya'yan da suka kai karatu, kuma haya duk da tashinta ba ta kai ta babban birni ba. Gusau ta fi cin kuɗi, amma ta fi hanyoyin samunsu, nan kuma manyan asibitoci suke, wanda ke da mara lafiya mai yawan komawa ganin likita zai iya tarar da cewa hayar Gusau ta fi masa kuɗin mota da fargabar hanya sauƙi. Ƙauye kuwa har yanzu shi ne mafi araha a duk daren da aka kwana lafiya, kuma babu mai sayar maka da tabbacin wannan daren.

Tirmizi ya ruwaito hadisin da ma'anarsa ita ce, wanda ya wayi gari cikin aminci a gidansa, da lafiya a jikinsa, da abincin yininsa, kamar an tattara masa duniya ne. Mun saba jin wannan hadisi a babin wadatar zuci, kuma nan ne muhallinsa. Amma ni da shi nake yi wa masu tambayata lissafi, bisa jerin da ya zo da shi. Nakan ce wa mutum ya fara duba ko zai yi barci a garin, shi da 'ya'yansa mata. Sannan ya duba nisan da ke tsakaninsa da asibiti idan naƙuda ta tashi da tsakar dare, da ko hanyar tana biyuwa a wannan lokaci. Bayan waɗannan ne zai tambayi kuɗin tiya da na ɗaki. Mafi yawansu daga na ukun suke farawa, domin shi ne ake iya ƙirgawa da yatsu.

Wanda ya zaɓi ya zauna a Damaga ya ci gaba da noma 'yar gonarsa ta bakin gari, ba na kiransa mai ganganci, domin da irinsa ne mu na gari muke ci. Wanda kuma ya kwashi iyalinsa ya fito, kada wani ya ce masa ya rasa tawakkali, domin Annabi Musa (AS) ya fita daga Masar yana tsoro yana waige-waige, kuma fiyayyen halitta (SAW) ya bar Makka da dare. Shawarar da nake ba masu fitowa ita ce kada su sayar da gona idan akwai yadda za a yi. Su ba da ita aro ko haya ga wanda ya zauna, a rubuta, a sa shaidu, ko da abin da za a ba su bai taka kara ya karya ba. Masu saye a irin wannan lokaci sun san abin da suke yi, kuma kuɗin gona idan ya shigo gari ba ya kai wata shida a hannun mai haya.

Allah Ya mayar da kowa gidansa cikin aminci, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya kuɓutar da waɗanda ke hannu.